Yadda Sa'adu Ya Kashe Surukinsa a Fim

Duk mai zama rumfar shayi ta bakin tasha a Dakoro ya san Sa'adu, kuma ya san bakinsa. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna, da zuba wa mutane waƙoƙi a katin memuwa na waya. Ana nan sai aka shirya wani horo na kwana biyar a Maradi kan rubutun fim, Sa'adu ya riga kowa ba da suna. Kwana huɗu ya yi. Ran na huɗun malamin ya zana tudu a allo, ya ɗora alli a ƙololuwarsa, ya ce nan ne labari ke kaiwa inda numfashin mai kallo ke tsayawa. Sa'adu ya rufe littafinsa, ya ce shi ya gama ganewa. Ya samu motar hatsi mai komawa gida, ya haye.

Washegari yana rumfar shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Fim tudu ne," in ji shi. "Ka hau, ka hau, in ka kai bisa ka yanke. Shi ake kira kilimas."

Mushe Hamid, abokinsa da suka taso unguwa ɗaya, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malamai Mushe, ya ajiye kofinsa. "To in ka kai mutane bisa tudu, wa zai sauko da su?"

"Ƙafa gare su."

"Akwai warwarar labari, Sa'adu. Bayan rikici sai a nuna wa ke da gaskiya, wa ya yi ƙarya, kowa ina ya kwana."

"Wanga na masu gyangyaɗi ne, Mushe. Kai a takarda ka karanta, ni da idona na gani a Maradi."

Cikin kwana biyu ya rubuta labarinsa, shafi ɗaya da rabi. Wani attajiri mai gaskiya ne, abokin gabarsa ya saci jiki ya musanya masa tiyar awo da wata mai ciki biyu, wadda ke rage hatsi. Makiyayi ya zo saye, ya tona asirin tiyar a gaban jama'a. Rabin shafin ƙarshe shi ne inda ake kama wanda ya yi musanyar, a wanke attajirin. Sa'adu ya karanta, ya ga wannan rabin ya zo ne bayan kilimas, ya ja masa layi daga sama har ƙasa.

Saura attajiri da rumfa. Bai je nesa ba, ya nufi surukinsa, Elhaji Hashimu, mahaifin matarsa Mas'uda. Elhaji ya shekara talatin yana sayar da hatsi da wake a kasuwar Dakoro, kuma an san shi da cika tiya har tana zuba. Sa'adu ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo.

"Baba Elhaji, talla na kawo maka. Har Nijeriya za a ga rumfarka."

"Da wane suna zan fito?"

"Da naka mana. In an canza suna wa zai gane rumfar?"

"Mi zan ce?"

"Ba komi. Ka auna hatsi kamar kullum. In an yi maka magana, ka yi mamaki."

Elhaji ya shafa gemu. Ya tuna mijin ɗiyarsa ne, ya ce to.

Makiyayin kuwa Samba ne, Bafulatani daga wajen Azagor, wanda ya daɗe yana sayen hatsi wurin Elhaji har suka zama abokan wasa. Sa'adu ya ja shi gefe ya koya masa magana ɗaya tak. Ya samo tsohuwar tiya, ya liƙa ƙaramin faranti a cikinta da ƙaro, ya ajiye ta kan buhu. Aka fara ɗauka da hantsi, kasuwa ta cika. Elhaji ya sa babbar rigarsa mai aiki, ya auna tiya uku yana murmushi. Samba ya karɓi tiyar, ya kife ta, ya buga gindinta. Faranti ya faɗo, ya gangara har ƙafar wata mai sayar da kuka.

"Elhaji," in ji Samba da murya mai rauni, "ashe haka kake mana shekara da shekaru?"

Ba wanda ya gaya wa Elhaji akwai faranti. Ya dubi farantin, ya dubi Samba, bakinsa ya buɗe, carbinsa ya suɓuce. Sa'adu ya matso da kamara har kusa da hancinsa, sannan ya ɗaga hannu.

"Kupe. An gama."

"An gama mi?" in ji Elhaji. "Sai kuma mi ya faru?"

"Nan ne daɗin, Baba. Mai kallo zai ƙarasa da kansa."

Da la'asar ya harhaɗa fim ɗin, minti tara, ya sa masa kiɗa mai tsinka zuciya. Mas'uda ce ta fara gani, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta kalla har fuskar mahaifinta ta daskare a allo, rubutu ya hau: Sa'adu ne ya tsara, ya ɗauka, ya ba da umarni.

"Ina sauran?" ta ce.

"Babu saura."

"To ai ka ce Baba ɓarawo ne."

"Ban ce ba. Tambaya na bari a zukatan jama'a. Haka manya ke yi."

"Kada ka tura shi ko'ina."

"Na riga na tura wa mutum uku kawai."

Mutum ukun nan kowanne na da wasap. Kafin ranar kasuwa ta zagayo fim ya kai Sabon Maci, ya kai Bader Goula, direbobi na kallonsa a tasha. Jama'a kuwa suka ƙarasa labarin da kansu, kamar yadda Sa'adu ya so. Lokacin kaka ne, lokacin da rumfar Elhaji ba ta da masaka tsinke, amma sai ga shi zaune shi kaɗai yana korar awaki. Wanda ya zo ma sai ya ɗauki tiya ya ƙwanƙwasa gindinta, ya kara a kunne. Mata suka riƙa zuwa da tiyarsu daga gida, ƙunshe cikin zane. Samba kuwa ya zama gwarzo. Duk inda ya bi sai a kira shi ya zo ya duba ma'auni, har mai sayar da manja ya ɓoye kwalbarsa da ya hango shi.

Sa'adu na rumfar shayi yana lissafa garuruwan da fim ya kai, sai ga Mas'uda da kanta, lulluɓe da mayafi.

"Baba na kira. Ya ce ka zo da kamararka, da kuma hankalinka in ka gan shi a hanya."

A zaure ya tarar da Elhaji, bai ko amsa gaisuwa sosai ba.

"Malam Sa'adu, shekara talatin ina awo, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mini tiya. Yau yaron da na yanka wa ragon suna ya kara ta a kunne. Ka ɗauko ni ka rataye, ka tahi shan shayi. Ka zo ka sauke ni."

"Baba, abu mai sauƙi. Ƙarshe za mu ƙara. Ni fa na san warwara, raina ta kawai na yi."

Ya rubuta wa Elhaji magana a bayan kwalin shayi: "Jama'a ku yafe mini, ban san an musanya mini tiya ba, makirci aka yi mini." Suka koma rumfa da sassafe kafin mutane su taru. Elhaji ya tsaya, ya dubi kamara da idanun da suka kwana biyu ba barci, ya fara. Yana kai "ku yafe mini", mai injin niƙa na bayan rumfa ya tada injinsa. Sauran maganar ta bi ƙarar inji.

"A sake," in ji Elhaji.

"Ba a sake irin wanga, Baba. Ka ga yadda muryarka ta yi rawa? Ko a Maradi ba a samun haka. Ƙarar inji kuwa aikina ne, zan gyara."

Gyaran da ya yi shi ne ya danne ƙarar da kiɗan sarewa mai ban tausayi. Ƙarar ta ɓace, maganar ma ta ɓace. Abin da ya rage Elhaji na cewa a yafe masa, sannan bakinsa na motsi, sarewa na kuka. Sa'adu ya kalla sau uku, ya ce kowa zai karanta leɓe, ya tura.

Bayan sallar azahar ta washegari, dattawan masallaci suka yi layi suna miƙa wa Elhaji hannu.

"Barka da tuba, Elhaji. Ba kowa ke iya abin da ka yi ba."

"Wace tuba?"

"Allah Ya karɓa. Mu ma duk masu laifi ne."

Wani tsoho har ya rungume shi yana hawaye, ya ce ya yafe masa duniya da lahira, tun daga hatsin bikin ɗiyarsa ta fari. Elhaji ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya aika wa Sa'adu cewa in ya sake ganin kamara a ƙofar rumfarsa, ita da mai ita za su kwana cikin buhu. Mas'uda kuwa ta ɗaure kayanta.

"Ina za ki?"

"Gidanmu. Mahaifina ba lafiya, kuma kai ne ciwon."

"Mas'uda, ki ba ni kwana biyu."

"Na ba ka. Can za ka same ni."

Sa'adu ya zauna shi kaɗai a shago, ga tukunya babu wuta a gida, ga ƙarshe babu ɗan wasa. Ya zagaya neman wanda zai fito a matsayin abokin gabar da ya musanya tiya. Tela ya ce yana da iyali. Mahauci ya nuna masa wuƙa. Wani ɗan kabu-kabu ya ce shi ko a hoton biki kada a ƙara sa shi. Mushe Hamid ya ba shi shawara kyauta.

"Ka fito ka gaya wa mutane wasa ne. Magana biyu ta isa."

"In zubar da aikina a ƙasa? Mushe, fim da fim ake gyara shi."

Da ya koma shago dabara ta faɗo masa, har ya miƙe tsaye don murna. Mutanen Dakoro ba su zagin mamaci. In attajirin fim ya mutu da baƙin cikin sharrin da aka yi masa, kowa zai ji tausayi, kowa zai ce ashe mai gaskiya ne. Kuma mamaci ba ya bukatar ɗan wasa. Ya jera buhun wake biyu da rabi a kan tabarma, ya lulluɓe da farin ƙyalle. Ya ɗauko wata tsohuwar hula da Elhaji ya taɓa ba shi, ya ajiye a gefe tare da carbi. Ya ɗauka daga sama, ya ɗauka daga ƙasa. Sannan ya shaƙe murya ya yi magana a kai: "Haka Elhaji Hashimu mai hatsi ya bar duniya, zuciyarsa ta buga saboda maganar mutane." Ya yi niyyar rubuta cewa kashi na uku ne na fim, amma ya ga rubutun zai ɓata hoton. Ya tura, ya je ya sayi tsire ya ci.

Washegari Elhaji ya fita tun da safe zuwa wata gona da ke bayan gari duba wake, wayarsa a kashe saboda masu barka da tuba. Da hantsi ya dawo bisa babur. Tun daga bakin layi ya ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidansa, mutane zaune jugum, butoci a jere. Ga raƙuma uku durƙushe, na dangin Samba da suka taso daga Azagor tun asuba. Daga cikin gida ana jin muryar Mas'uda tana rantsuwa cewa mahaifinta da ƙafarsa ya fita, mata na ba ta haƙuri suna cewa haka zafin rashi yake sa mutum.

Elhaji ya sauka, ya yi sallama. "Wa ya rasu?"

Wanda ke bakin tabarma ya ɗago kai, ya dube shi, ya bar takalmansa a nan. Na kusa da shi ya bi bayansa ta kan butoci. Raƙumi ɗaya ya firgita ya miƙe, ya ja igiyar rumfar da aka kafa, rumfa ta rufto kan sauran. Tsohon nan da ya yafe masa duniya da lahira ne kaɗai ya kasa gudu, ya zauna yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Samba ya fito daga ƙarƙashin rumfa, ya matso a hankali, ya taɓa hannun Elhaji, ya matsa.

"Da ɗumi," ya ce wa jama'a.

Sa'adu ya iso a makare, da kamara a wuya, don ya ji an ce taro ya yi kyau. Yana ganin surukinsa tsaye a tsakiyar masu ta'aziyyarsa, ya juya. Mas'uda ta riga ta tare hanya.

"Direkta, ina zuwa?"

"Batir na manta."

"Gobe kasuwa. Ni na rubuta ƙarshen, ga shi." Ta miƙa masa takarda. "Kai ne wanda ya musanya tiya. Za ka tsaya gaban rumfar Baba ka faɗa da bakinka, ka ce wasa ne, kai ka liƙa faranti. Layi uku ne, kada ka ƙara ko wasali."

"Mai tsara fim ba ya fitowa a..."

"To mai tsara fim ya nemi mai dafa masa tuwo."

Ranar kasuwa Dakoro ta cika, don labari ya bazu cewa mamaci zai buɗe rumfa. Mushe Hamid aka ba kamara. Elhaji ya zauna kan buhu, fuska ba walwala, Samba na gefensa. Sa'adu ya fito da takarda a hannu. Ya dubi taron, ya ga bai taɓa samun masu kallo haka ba, wasu har kan amalanke suka hau. Ya dubi layi ukun Mas'uda, ya ga sun yi wa wannan taro kaɗan. Ya cusa takardar a aljihu, ya karkace hula, ya yi wata dariyar mugunta da ya daɗe yana so ya ga wani ya yi a fim.

"Ni ne," ya ce, yana bugun ƙirji. "Ni na musanya tiyar Elhaji. Kuma ba tasa kaɗai ba. Wace tiya ce a kasuwar nan ban taɓa ba? Shekara bakwai ina shiga rumfunanku kuna barci. Mai gishiri, ka duba taka. Mai shinkafa, kai ma."

"Ka ce wasa ne," in ji Mushe Hamid daga bayan kamara.

"Bari in kai kilimas tukuna," Sa'adu ya ce ta gefen baki. Ya ɗaga murya. "Ba wanda ya isa ya kama ni a garin nan."

Mai gishiri ne ya fara kama shi. Mai shinkafa ya riƙe ƙafa. Masu awo da suka yi mako biyu ana ƙwanƙwasa musu tiya saboda fim ɗinsa suka taso gaba ɗaya. Sa'adu ya fizge, ya taka buhun barkono, buhu ya fashe, ya faɗa ciki da fuska. Ya tashi yana atishawa, masu riƙonsa na atishawa, wata mai fura ta kwaɗa masa ludayi a ƙeya tana atishawa.

"Kupe! Kupe!" yake ihu. "Akwai saura, ban kai warwara ba."

Ba wanda ya saurare shi. Wani na cewa a kai shi wurin jami'an tsaro na jandarma, wani na cewa a fara gamawa da shi nan tukuna.

Sai Elhaji Hashimu ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, tiyarsa kawai ya ɗauka ya buga a bakin ma'auni sau uku, kasuwa ta yi tsit in ban da atishawa.

"Ku sake shi. Wanga mijin ɗiyata ne. Ba ɓarawo ba ne, wawa ne. Bai taɓa tiyar kowa ba, ko tashi sallar asuba sai an yayyafa masa ruwa, balle ya shiga rumfunanku. Farantin da kuka gani shi ya liƙa da ƙaro don wasan fim, ni ban sani ba, Samba ga shi ku tambaye shi. Ban tuba ba, don ban ci na kowa ba. Ban mutu ba, ga ni. Tiyata kuma ga ta, duk mai so ya zo ya duba, yau kaɗai. Daga gobe wanda ya ƙwanƙwasa ta ya saya."

Sai dariya ta ɓarke daga wajen masu amalanke ta zagaye kasuwa. Samba ya rantse cewa magana ɗaya aka koya masa, kuma ya yi nadamarta. Tiya ta bi hannu-hannu, ta dawo. Mai gishiri ya saki wuyan rigar Sa'adu, har ya kakkaɓe masa barkono. Mushe Hamid bai kashe kamara ba sai da aka auna wa mutum na farko tiya biyar, tana zuba kamar yadda aka saba. Wannan ɗaukar ita ce ta zagaya garuruwa, ta fi sauran ukun nisa.

Mas'uda ta koma ɗakinta bayan kwana uku, da sharaɗin kamara ta tsaya a biki da suna. Elhaji kuma ya ce tunda Sa'adu ya kore masa masu saye a tsakiyar kaka, sai ya zo ya taya shi ɗaukar buhu har ciniki ya daidaita. Haka aka riƙa ganinsa kullum a rumfa, idanu jajaye, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa dukan da barkonon duk cikin tsari suke, shi ya shirya abinsa don Elhaji ya samu wurin yin jawabi.

Wata safiya wata tsohuwa daga Bader Goula, Inna Hanatu, ta zo sayen hatsi. Ta ƙare masa kallo.

"Kai ne na cikin barkono?"

Sa'adu ya gyara tsayuwa. "Ni ne, Inna. Ni na tsara duka huɗun."

"Na ƙarshen ya yi kyau. Shi ne na gane kansa." Ta kwance bakin buhunta. "Elhaji, tiya goma."

Sa'adu ya yi wuf ya ɗauki tiya zai auna. Tsohuwa ta dafe hannunsa.

"A'a, ɗana. Kai riƙe bakin buhu."